Haɗin Kan Ƙasashe Maƙwabta Wajen Yaƙi da Gurgusowar Hamada



An nemi in yi bayani a kan gurgusowar hamada da lalacewar ƙasar noma, da kuma abin da ƙasashe maƙwabta za su iya yi tare domin shawo kan wannan masifa. Kafin in shiga cikin maganar, ina roƙon kowa ya kawo iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar a zuciyarsa. Iyaka ce mai tsawon kilomita wajen 1,500, tun daga gaɓar Kogin Kwara a yamma har zuwa Tafkin Cadi a gabas. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Magariya, ta raba Illela da Birnin Ƙonni. To amma hazon da ke rufe mana sama da hunturu, mafi yawansa daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi yake tasowa, ba ya kuwa tsayawa a shingen kwastan. Haka ruwan gulbi, haka garken shanu, haka fari da yunwa. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa a yau shi ne, yarjejeniyoyin da ƙasashenmu suka rattaba wa hannu suna da yawa, amma haɗin kan da ya haifi ɗa mai ido shi ne wanda ya bi ruwa da burtali da ilmin manomi.

Mece ce Gurgusowar Hamada?

Wajibi ne mu fara gyara fahimtarmu, domin wanda bai gane ciwo ba ba zai dace da magani ba. Yawancinmu mun ɗauka Sahara wata runduna ce ta rairayi da ke tahowa kudu, tana cin ƙasa kowace shekara. Wannan fahimta tsohuwa ce. A shekarar 1934 wani shehun malamin ilmin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, mai suna E. P. Stebbing, ya zaga ƙasashen nan namu da rani, ya ga ƙura da ƙeƙasassun gonaki. Da ya koma gida sai ya yi shela a 1935 cewa Sahara tana shirin haɗiye Arewacin Nijeriya, ya kuwa ba da shawarar a dasa wani dogon shinge na itatuwa domin a tare ta. Maganarsa ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin guiwa na ma'aikatan gandun daji. Daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937 wannan kwamiti ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, yana duba ɓangarorin biyu. Abin da ya gano shi ne babu wata shaida da ke nuna rairayin Sahara yana tahowa gaba ɗaya, sai dai akwai wurare nan da can da ƙasa ta lalace saboda saran daji da ƙonawa da yawan noma ba hutu.

Binciken zamani ya ƙarfafa wannan magana. Hotunan tauraron ɗan Adam da masana suka nazarta suka buga sakamakonsu a 1991 sun nuna gefen Sahara yana matsowa kudu a shekarar fari, yana kuma komawa arewa a shekarar da damina ta yi kyau. Har wa yau, masana yanayi sun tabbatar cewa babban dalilin farin da ya addabi yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974, da wanda ya sake aukuwa a 1983 da 1984, shi ne canjin ɗumin ruwan tekuna masu nisa, wanda ke raunana iskar da ke kawo mana damina. Saboda haka laifin da aka daɗe ana ɗora wa makiyayi da manomi kaɗai ya wuce kima.

Wannan kuwa ba ya nufin babu matsala. Matsalar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Gona ce da aka daina bari ta yi saura domin jama'a ta yi yawa, aka sassabe ta ƙwal babu ko kututture, iskar bazara ta kwashe ƙasar sama mai albarka, ruwan farko ya zo ya wanke abin da ya rage, sai ta zama fako, ko ka zuba iri ba ya tsira. Fako ɗaya ya haɗu da wani, sai gari ya wayi gari cikin hamada alhali Sahara tana can nesa da shi da ɗaruruwan kilomitoci. Wannan shi ne abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro a kansa a Nairobi a 1977, shi ne kuma ma'anar da ke cikin yarjejeniyar duniya ta yaƙi da hamada da aka amince da ita a Faris ran 17 ga Yuni 1994, watau lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sakamakon sauyin yanayi da ayyukan ɗan Adam.

Hukumomin da aka Kafa

Ba za a ce shugabanninmu sun naɗe hannu ba. Tun ran 22 ga Mayu 1964 Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a birnin Fort Lami, wanda yanzu ake kira Injamena. A shekarar nan ce kuma aka kafa hukumar kula da Kogin Kwara, wadda aka sake wa fasali a 1980, hedkwatarta tana Yamai. A 1971 Nijeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin guiwa ta tsakaninsu, ita ma mazauninta Yamai. Sa'ad da fari ya yi tsanani, ƙasashe shida, watau Cadi da Mali da Murtaniya da Nijar da Senegal da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka haɗu a Wagadugu a watan Satumba 1973 suka kafa kwamitin din-din-din na yaƙi da fari a Sahel, wanda aka fi sani da CILSS. A 1974 wannan kwamiti ya buɗe cibiyar Agrhymet a Yamai, inda ake horar da ma'aikata, ake tattara bayanin ruwan sama da na amfanin gona da na fara, domin a yi wa ƙasashe gargaɗi tun yunwa ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Hukumomi ke nan birjik. Tambayar da ta kamata ɗalibi da ma'aikaci su yi ita ce, mene ne ya canja a gona da mashaya? Bari mu auna su da abubuwa uku.

Na Farko: Ruwan da Muka yi Tarayya a Kansa

Ku dubi Gulbin Maraɗi. A ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake ce masa Gada. Ya shiga Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya juyo ya sake shigowa Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima, wanda ke shayar da fadamun Sakkwato. Watau Nijeriya ce a samansa, ita ce kuma a ƙasansa. Majiya kuwa daga duwatsun Adar take gangarowa a cikin Nijar, ta bi ta Birnin Ƙonni, ta ƙare a Tafkin Kalmalo kusa da Illela ta Jihar Sakkwato, a nan Nijar ce a sama. A gabas kuma Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ya zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu kafin ya isa Tafkin Cadi, da ruwansa ne manoman Difa ke noman tattasan da ke cika kasuwanninmu.

Duk wanda ya datse ɗaya daga cikin waɗannan koguna ya taɓa tukunyar maƙwabcinsa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a ƙasar Kano, sun kuwa kawo ruwan sha da noman rani, amma ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu ƙwarai, abin kuma ya shafi duk wanda ke ƙasa da su. Haka madatsar Jibiya ta canja yadda ruwa ke isa fadamar Maraɗi, kamar yadda madatsun da Nijar ta gina a kan Majiya suka rage abin da ke isa Kalmalo. Fadamar da ta daina samun ambaliya, rijiyoyinta kan yi nisa, itatuwanta su bushe, makiyayin da ke cin rani a cikinta ya nemi wani wuri.

Domin haka ne ƙasashen biyu suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Maiduguri ran 18 ga Yuli 1990, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a koguna huɗu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Ta wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da 'yar'uwarta kafin ta fara wani aikin da zai rage ruwa, su kuma riƙa musayar awon da suka yi. Yarjejeniya ce mai kyau. Sai dai adalci a rabon ruwa ba ya yiwuwa sai an san yawan ruwan, sanin yawansa kuwa yana wuyan ƙaramin ma'aikacin da ke zuwa bakin gulbi kowace safiya ya karanta ma'auni ya rubuta a littafi. In ba a biya shi ba, ko ma'aunin ya karye ba a gyara ba, to, yarjejeniya ta zama takarda kawai.

Tafkin Cadi ya isa misali. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000, amma a tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake, su kuwa daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru suke fitowa, saboda haka abin da masuncin Baga zai kama ya dogara ga ruwan da aka yi a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Da tafkin ya ja da baya, babban aikin noman rani da aka shirya a kudancinsa cikin ƙasar Barno ya tsaya, domin hanyoyin ruwan da aka haƙa sun rasa abin ɗauka. Masunta suka bi ruwa duk inda ya nufa ba tare da duba iyaka ba. Sojojin Nijeriya da na Cadi suka yi arangama a kan tsibiran tafkin a 1983, rikicin yankin Darak da Kamaru kuwa sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a kansa a 2002. Tafkin ya ɗan farfaɗo bayan damina ta gyaru, ƙasashen hukumar kuma sun amince da kundin dokar ruwa a 2012. An daɗe ana maganar janyo masa ruwa daga kogunan yankin Kwango, har aka yi babban taro a Abuja a 2018, amma wannan aiki ne mai cin kuɗi da shekaru. Kula da abin da ke hannu ya fi kusa.

Na Biyu: Burtali

Makiyayin da ke hawa arewa da damina ya gangaro kudu da rani ba yawon banza yake yi ba. Tafiyar nan ita ke ba makiyaya hutu har ciyawa ta zubar da iri, ita ce kuma ke kawo wa manomi taki bayan girbi. Ƙungiyar ECOWAS ta gane haka, shi ya sa a 1998 ta zartar da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, tare da takardar shaida mai nuna yawan garke da rigakafin da aka yi masa da hanyar da zai bi. Amma ina amfanin takarda in burtali ya ƙare a iyaka, aka tarar an nome shi a ɗaya ɓangaren? Dabbobin da aka hana tafiya kan taru a wuri guda su cinye ciyawa har saiwa, su tattake bakin rijiya ya zama fako, daga nan kuma sai faɗa da manoma. Lalle ne a shata burtali tun daga mafarinsa har maƙarƙarsa, da mashaya da wurin kwana, a kuma zaunar da sarakuna da arɗaɗɗai na ɓangarorin biyu kafin kaka, domin su ne suka san inda hanya ta toshe.

Na Uku: Ilmin Manomi

A nan ne labari mai daɗi yake, ina kuma so in daɗe a kansa. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen rainon itatuwa a gandu da dasa su, a Nijar da Nijeriya baki ɗaya. Wasu ayyukan sun yi kyau, kamar layukan darbejiya masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975. Amma galibin abin da aka dasa bai kai baɗi ba, domin babu mai shi, babu mai ba shi ruwa, awaki kuma suna jira.

A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ya sami itace, domin saiwar da ta riga ta kai ga ruwa ba ta bukatar ban ruwa. Da farko an yi wa masu yin haka dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Yunwar 1984 ce ta sa mutane suka gwada. A watan Mayu na shekarar nan gwamnatin Nijar ta kira taron ƙasa a Maraɗi a kan hamada, daga nan aka fara sassauta dokar da ta mai da kowane itace mallakar hukuma, wadda ta sa manomi ke ganin itacen gonarsa kamar abin jawo masa tara. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya tsare shi. A 2020 aka ƙarfafa wannan haƙƙi da dokar shugaban ƙasa.

Masana da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa manoman Maraɗi da Damagaram da kewayensu sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 ta wannan hanya da suke kira sassaben zamani. Akwai sabara da kalgo da aduwa da magarya da kuka, uwa uba gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kakanninmu sun san darajarsa, domin tarihin baka ya nuna sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan saransa.

Misali na biyu ya ƙetare iyaka da ƙafa. A yankin Yatenga na Burkina Faso, manoma irin su Yakuba Sawadogo sun inganta wata tsohuwar dabara ta haƙa ƙananan ramuka a fako da rani, a zuba taki a ciki. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse, a shuka gero ko dawa a ramin. A 1989 aka kai wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka gani da idonsu. Gani ya kori ji. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka kwaikwaya, dabarar da ake kira tassa ta bazu, har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Kuɗin motar da ta kai waɗannan manoma bai kai na walimar taro guda ba.

Babbar Ganuwar Itatuwa

A 2007 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, bayan Shugaba Obasanjo na Nijeriya ya kawo shawarar, Shugaba Wade na Senegal ya ɗauke ta ya yayata. Tsarin farko shi ne shinge mai faɗin kilomita 15 da tsawon kusan kilomita 8,000, daga Senegal zuwa Jibuti, ta cikin ƙasashe 11. Za ku lura wannan shawarar Stebbing ce ta dawo bayan shekara 70. An kafa hukumar haɗin guiwa ta shirin a 2010, Nijeriya kuma ta kafa tata a 2015 domin jihohi 11 na Arewa. Burin shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna hekta wajen miliyan 4 kaɗai aka gyara a cikin zirin da aka shata. A 2021 masu ba da taimako suka yi alkawarin fiye da dala biliyan 14 a Faris. Abin yabo shi ne masu shirin sun koyi darasi, sun bar maganar layi guda na dashe, sun koma ga gyaran gonaki da makiyaya da fadamu wuri-wuri, bisa irin dabarun da manoma suka riga suka tabbatar.

Siyasa da Iyaka

Saura abu guda mai ɗaci. Haɗin kan da aka gina cikin shekaru yana iya rushewa cikin dare ɗaya. An rufe iyakokin Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin da yunwa ta fi tsanani a Nijar, hatsi ya kasa hawa arewa, dabbobi suka kasa gangarowa kudu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an sake rufe iyaka har cikin 2024, a Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Rashin tsaro a Tafkin Cadi da dazuzzukan Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi ya hana malamin gona da malamin daji isa ƙauyuka da yawa. Ba aikina ba ne in raba gardamar shugabanni a wannan zaure. Abin da nake cewa shi ne a tsame awon ruwa da gargaɗin fari da rigakafin dabbobi da burtali daga cikin kowace rigima, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gonar da ta mutu a Dakwaro, mai ita a Kano zai kwana.

Kammalawa

Ga ma'aikata, roƙona uku ne. Ku tsare ma'aunan ruwa, ku riƙa aika wa takwarorinku na ƙetaren iyaka abin da kuka auna. Ku duba dokokin gandun daji na jihohinku, ku tabbata manomin da ya raini itace a gonarsa shi ke da shi. Ku kuma sa kuɗin ziyarar manoma a cikin kasafi, a ɗauki mutanen Ɗambatta ko Gumel ko Gwadabawa a kai su Agye ko Matamai su kwana biyu, tun da harshensu ɗaya, ba a bukatar tafinta. Ga ɗalibai kuwa, mai neman abin bincike ya je ya ƙirga itatuwan da ke cikin hekta guda a hagun iyaka da damanta, ya tambayi masu gonakin dalilin bambancin da ya gani. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.